Wa Ya Yi Wa Inna Kitso?

Jama'a ku gyara zama, kuma duk wadda ta san za ta zage ni ta daure sai ta kai ƙarshe. Ni nas ce, a ɗakin kwanciya na mata nake aiki. A makon nan na ɗauki saurayi sukutum, mai sana'a, mai natsuwa, wanda Mamanmu ta riga ta fara kira "ɗana", na tura masa lambar ƙawata da hannuna na ce ya nemi can. Ba faɗa muka yi ba, kuma lafiyata ƙalau. Ku dai ji yadda abin ya faru.

A wurin aiki Ƙanƙara ake ce min. Wallahi ba haka na shiga ba. Farkon fara aikina ni ce mai shiga banɗaki in sha kuka idan mara lafiya ta rasu, ni ce mai zuwa da man shafawa daga gida saboda ƙafafun tsofaffi. Sai shekaru suka yi ta tafiya. Ɗaki cike fal, mu biyu ko uku a kansa. Masu jinya su zage ki don likita bai zo ba, likita ya harare ki don masu jinya sun cika ɗaki, Metiron kuwa, wato shugabarmu, abin da take gani a jikinki kawai shi ne ko hularki ta karkace. Wata rana na lura na daina jin komai. Ina shiga ƙofar asibiti sai in ji kamar na ajiye kaina a wurin mai gadi, hannuwana su wuce ciki su yi aikin, in an tashi in karɓi kayana in tafi gida.

Ban san sunan kowa ba. Na san gado na biyu ciwon suga ne, gado na bakwai ba ta son allura. Fuska kuwa, ko jiya aka sallame ki, in mun haɗu a kasuwa yau sai dai ki yi haƙuri. Amma ki nuna min bayan hannunki, yanzu in gaya miki ko na taɓa saka miki ƙarin ruwa. Jijiya ba ta ɓace min.

Ƙawar tawa kuma Rediyo muke ce mata, kuma sunan ya bi ta. Tare muka yi makaranta, tare aka ɗauke mu, tsayinmu ɗaya, in muka sa farin kaya da takunkumin fuska ko Metiron sai ta kira ɗaya da sunan ɗaya. Amma hali, sam. Rediyo tana shiga ɗaki za ki ji gadaje sun farka. Ta san sunan jikokin kowace tsohuwa, ta san wadda mijinta bai zo dubiya ba da dalilin rashin zuwansa, tana awon jini tana sasanta rigimar gidan mutane. Aikin da ya daskarar da ni, ita ƙara mata murya ya yi.

A gida kuwa Mama ta sa ni a gaba. Samari sun zo, ba wai ba su zo ba. Na farko na ce masa idonsa ya yi ɗorawa, ya je a duba masa hanta. Bai dawo ba, amma na ji ya je asibitin. Na biyu yana tsaka da tsara ni na tambaye shi ko a danginsu akwai mai hawan jini, saboda yadda yake haki daga hawa matakala uku. Mama ta ce, "Ke wai zance ake zuwa ko ganin likita? Mutum ya shigo da ƙafarsa ki sallame shi da cuta!"

Rannan na dawo daga aikin safe, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar an share tsakar gida har da yayyafa ruwa, an canza labulen falo, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai baƙin kunya. Yayana yana zaune yana murmushin da ban yarda da shi ba. Shagon lemo da ruwan sanyi gare shi, kuma ashe mutumin da ke gyara masa firji ne ya nemi izinin zuwa wurina.

"Mai gyaran firji?" na ce.

"Shagonsa guda, da yaransa," in ji Yaya. "Kuma ke ai dama irinsa kike buƙata."

Na zura doguwar rigata ruwan toka, Mama ta leƙo ta ce in cire ta, ba ta'aziyya za ni ba. Ta ɗauko min leshi ruwan zuma wanda na ɗinka na manta da shi a ƙasan akwati, ta goge shi da kanta, ta yafa min mayafinta mai ɗan duwatsu a baki, ta fesa min turare har sai da na yi atishawa. A bakin ƙofa ta riƙe kunnena ta ce, "Saura ki tambaye shi yadda yake bacci."

Na shiga da sallama, na ajiye tire, na zauna. Ya gaishe ni, na amsa. Ku kuna jira in gaya muku kamanninsa ko? To ni ma sai daga baya na gani. Idona a kan hannunsa ya sauka lokacin da ya miƙo zai ɗauki kofi. Jama'a, jijiyoyi! A kwance raɗau, miƙaƙƙu, ko ɗalibar da ta fara zuwa asibiti yau ba za ta kuskure su ba. Na shagala da kallo har ya juya hannun ya duba shi.

"Ranki ya daɗe, wani abu ne a hannun nawa?"

"A'a. Jijiyoyinka ne masu kyau."

Ya yi dariya har lemon ya kusa zubewa. "An taɓa yaba tsayina, an yabi haƙurina. Wannan kam yau na fara ji."

Sai a lokacin na ɗaga kai. Dogo ne, baƙi, da ɗan saje, rigarsa ta sha guga, kuma yana da irin idon nan da ke jira ka gama magana kafin ya fara tasa. A raina na sa masa suna Mai Jijiya, har yau haka yake a wayata.

Na tambaye shi a ina ya san ni. Ya gyara zama ya ba ni labari. Watannin baya an kwantar da Innarsa a ɗakinmu, ɓarin jikinta ya shanye, ga idonta dama ba ya gani sosai. Ta daina magana da kowa, ta ƙi abinci, ta juya wa duniya baya. Wata rana ya zo kafin lokacin dubiya, mai gadi ya hana shi shiga, sai ya zagaya ta bayan ɗakin ya leƙa ta taga. Ya ga wata nas da takunkumi a fuska, ta zauna a bakin gadon, ta jingina kan Inna a jikinta, tana warware mata gashin da ya cukurkuɗe saboda kwanciya, tana yi mata kitso.

"Kina yi kina tsokanarta," ya ce. "Kika ce, tsohuwa, wannan gashin ai ya fi nawa, wa kike yi wa tanadinsa? Inna ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta faɗi. Ranar ta ci abinci."

Na ce, "Wa ya ce maka ni ce?"

"Mai goge ɗakin na tambaya. Da aka tashi ta nuna min ke da sandar gugarta, kina fita ƙofa."

"Ni kaɗai nake tafiya?"

"Ku biyu ne."

"To ta yaya ka san wadda aka nuna?"

Ya yi murmushi. "Na dai sani."

Ya dai sani! Ku ji min mutum. Ni da Rediyo kullum tare muke fita, kafaɗa da kafaɗa. Wace ce mai zama a bakin gado? Wace ce mai tsokanar tsofaffi har su yi dariya? Ko yaron goye aka tambaya a asibitin nan zai ce Rediyo. Na laluba kaina kaf ban samo wata Inna ba, ban samo wani kitso ba. Sandar guga ta nuna tsakiya, bawan Allah ya ɗauki ta hagu maimakon ta dama.

Da na san ciwon kaina a nan zan faɗa masa. Amma Mama tana bayan labule, ina hango yatsun ƙafarta, kuma gaskiya, gaskiya, na ji daɗin yadda yake kallona. Sai na ce, "Allah sarki," da muryar da nake amsa wa masu jinya, na tura masa farantin biskit.

Daga nan saƙonni suka fara shigowa.

"Sista mai kitso, an tashi lafiya? Jijiyoyina suna gaisuwa."

"Ka riƙa shan ruwa da yawa."

"Wannan soyayya ce ko takardar magani?"

"Duk wanda ka ɗauka."

Ban san lokacin da na fara ajiye waya a aljihun farin kayana ba, ni da nake barinta a jaka tun safe har yamma. Yakan turo min hoton cikin firjin wani gida ya rubuta, "Mara lafiyata ta yau, tana zazzaɓi, ba ta riƙe sanyi." In tambaye shi me ya ba ta, ya ce ƙarin iska. Ranar da ruwa ya tsare ni a bakin titi ya zo da motar aikinsa, ya kwashe ƙarafa da igiyoyin waya daga kujerar gaba, ya shimfiɗa min sabon tawul don kada farin kayana ya ɓaci. Bai cika ni da surutu ba. Ya ce, "Kin gaji," ya rage muryar rediyon motar, muka yi shiru har gida. Ni fa ban taɓa sanin ana son mutum da shiru ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata min lissafi: Inna. Da ya ce "Inna tana gaishe ki" sai in ji kamar an kama ni da kayan mutane a jaka. In ce ina amsawa, in yi maza in tambaye shi kasuwa, ko zafin gari, ko me ya sa firjinmu yake kuka. Duk ranar da ya ce "mai kitso" sai daɗin saƙon ya ragu rabi, don na san ba tawa ba ce gaisuwar.

A wurin aiki kuwa na koma kallon Rediyo ta gefen ido. Tana dariya da gado na tara, ni ina haɗa allurai ina cewa a raina, dubi ta, ko sani ba ta yi ba an sace mata miji. Har haushinta na fara ji, baiwar Allah ba ta yi min komai ba. Ta ce, "Ƙanƙara, kwanan nan kina murmushi da aljihunki, wane ne a ciki?" Na ce mata kamfanin waya ne.

Mama kuwa ta riga ta yi nisa. Ta fara auna tagogin gidan da ba ta taɓa gani ba. Gwaggo ta zo takanas don ta gan shi, ta ce kunnuwansa irin na masu riƙe mace ne. Abba, wanda ba ya shiga irin wannan magana, ya tsayar da ni a ƙofar ɗakinsa ya ce, "Yaron nan ya kwanta min. Ke fa?" Na sunkuyar da kai na ce ina tunani. Ya ce tunani yana da kyau, amma kada ya kai shekara.

Sai ga saƙon da ya tsinka min zare. Na dawo aiki da la'asar, ina zaune a bakin gado na tsoma ƙafafuna a ruwan ɗumi, wayar ta yi ƙara.

"Ina so manyana su zo su ga Abba. Amma sai kin ce to. Tun ranar da na leƙa tagar nan na san matar da nake so ta riƙe min gida."

Na karanta har ruwan ya huce. Matar da ya gani ta taga yake so. Idan na ce to, zai kai Ƙanƙara gidansa yana jiran mai kitso ta fito, kullum yana jira, ni kuma ina kallonsa yana jira. Ina sonsa, wannan kam na riga na sani, kuma saboda haka ne na kasa. Na goge hannuna a zani na rubuta:

"Ka yi haƙuri. Wadda ka gani ba ni ba ce, ƙawata ce da muke fita tare. Ni ba na zama a bakin gado, ba na wasa da kowa, ko sunan marasa lafiyata ban sani ba. Na yi shiru ne don na ji daɗin zuwanka. Ga lambarta, mutuniyar kirki ce."

Na tura, na kife wayar, na ɗago ta, na sake kifewa. Can sai ga amsa. Kalma ɗaya.

"To."

To! Ko alamar tambaya babu. Na so ya yi gardama, na so ya ce ƙarya nake, na so ya kira ya yi faɗa. Washegari ba gaisuwar jijiyoyi, ba hoton firji. Mama ta kalle ni ta kalli wayata ta ce, "Wace cutar kika gano masa?" Na ce lafiyarsa lau. Ta ce to ai ke ce ba lau ba, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa da ƙarfin da ya girgiza sabon labule.

Yau da rana, bayan mun miƙa aiki ga 'yan yamma, muka shiga ɗan ɗakinmu na hutawa. Kun san irinsa: kujera ɗaya mai ƙafa uku da rabi, butar shayi mai ba da wuta in ka taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, takalma a ƙarƙashin tebur. Rediyo ta cire hula tana juya shayi tana ba ni labarin surukar gado na tara. Na ga gara ta ji daga bakina kafin baƙuwar lamba ta shigo mata.

"Wani zai kira ki," na ce.

"Allah ya kawo shi. Yana da mota?"

Na zayyana mata komai, tun daga leshi ruwan zuma har zuwa "To". Abin mamaki, Rediyo ta yi shiru har na gama. Ta ajiye cokali.

"Tsaya. Wane lokaci aka kwantar da tsohuwar?"

Na faɗa mata, wajen farkon zafi.

Ta dafe ƙirji ta fashe da dariya, har sai da ta zauna a kujerar nan ta kusa kifar da ita. "Farkon zafi? Ke, ina nake a farkon zafi? Ba lokacin ne Metiron ta ce surutuna ya ishe ta, ta tura ni ɗakin tiyata inda duk marasa lafiya a sume suke ba? Wata guda ina magana da ƙarafa! A bakin ƙofa kawai muke haɗuwa mu tafi gida."

Haka ne, an yi haka.

"To wata ce daban," na ce.

"Wace watan? Sista Ƙa'ida ta ɗakinmu, da ko gaisuwa sai ta duba agogo? Ke ce, malama. Tsohuwar nan ai na gan ta ranar da na shigo aron almakashi. Gado na huɗu, jikin taga. Wadda jijiyarta ke guduwa, kowa ya soka ya rasa, sai ke kika samo ta a gefen babban yatsa."

Jama'a, kamar an kunna fitila. Gado na huɗu! Siririyar jijiya mai zillewa, fata kamar takarda, hannun hagu. Ina tuno jijiyar sai hannun ya biyo, sai kafaɗa, sai kan gaba ɗaya. Gashi fari tas, mai yawa, ya dunƙule a ƙeya saboda ba a juya ta. Na tuna na ce a raina in aka bar shi haka zai jiƙe da gumi ya zama gyambo, gyambo kuma wankinsa a kaina zai ƙare. Na ɗauko mataji a jakata na yi mata kalaba.

"Amma ai aiki ne," na ce. "Gudun gyambo na yi. Ban yi mata wata hira ba."

"Ba ki yi ba?" Rediyo ta riƙe haɓa. "Ke fa ba kya jin kanki. Da kin zauna a bakin gado bakinki yake buɗewa. Jiya-jiyan nan kina wanke ƙafar gado na biyu kina ce mata in ta warke ke za ki raka ta rawa. Makon jiya kin yanke wa makauniyar nan farce kina yi mata waƙar 'yan yara. In kin miƙe sai ki ɗaure fuska kamar ba ke ba."

"To me ya sa kuke ce min Ƙanƙara?"

"Mu kike daskare wa, mu da likitoci da Metiron. Su kuwa tsofaffin, in ba kya nan tambaya suke ina mai hannun nan."

Na zauna a kan kwalin safar hannu, don ba wata kujerar. Shekaru ina ganin na ajiye kaina a bakin ƙofa, ashe waccan ni ɗin bina take yi a baya tana shigowa, tana yin abinta, ni ce dai ban taɓa waiwayawa ba. Na ji hawaye, irin na banɗakin farkon aiki, ya taho ba sallama. Na ji kunya, na ji daɗi, na kuma ji kamar in shaƙe kaina.

"Shi ke nan," in ji Rediyo tana kurɓar shayi, "kin yi kitso, kin samo miji, kin yi sadaka da shi. Allah ya ba da lada."

Ba ta rufe baki ba wayarta ta fara ruri a kan tebur. Baƙuwar lamba a wurinta. Ni kuwa ko a mafarki aka nuna min ƙarshen lambar nan zan gane ta. Na yi mata alama da hannu kada ta ɗauka. Ta kalle ni, ta gyara murya, ta ɗauka, ta buɗe sautin wayar yadda zan ji.

Ya yi sallama. Muryarsa a natse, amma babu wasan nan da na saba ji a cikinta.

"Sista, ki yi haƙuri na kira ba ki san ni ba. Ƙawarki ce ta ba ni lambarki, ta ce ke kika kula da mahaifiyata. In haka ne, na gode, Allah ya saka da alheri. Iyakar abin da zan ce miki ke nan." Sannan ya ce, "Sai saƙo ɗaya. Ki ce mata na fahimta. Ni na san muryar da na ji ta taga. Amma in mace ta kai ga miƙa ka ga ƙawarta, ai ta gama magana. Ba zan sake damunta ba."

Rediyo ta danne wayar a ƙirjinta ta zaro min ido. Cikin raɗa, karo na farko a rayuwarta da ta yi raɗa, ta ce, "Ko ki karɓa, ko wallahi in ce ni ce. Ni ma fa ba aure gare ni ba."

Na fizge wayar. Na kai ta kunne. Duk maganganun da ake faɗa a irin wannan wuri, haƙuri, kuskure, ina sonka, suka tsere suka bar ni. Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar wani injin a shagonsa. Abin da ya fito daga bakina, ban shirya shi ba, kuma rabon da in tambayi wani shi game da wadda aka sallama har na manta.

"Ni ce. Ya jikin Inna?"

Injin ya tsaya, ko kashe shi ya yi. Na ɗauka ya ajiye wayar.

"Tun ranar da na fara zuwa gidanku," ya ce a hankali, "nake jiran ki tambaya."

Na dafa tebur. Rediyo ta daina hura shayinta.

"Tana nan, har ta fara takawa da sanda. Amma kan nata ya zama abin da ya zama. Ƙannena sun yi lallashi, sun yi faɗa, ta hana kowa tsefe kitson. Ta ce wadda ta yi shi ita za ta warware." Ya ja numfashi. "Ni na riga na ce ba zan sake damunki ba, kuma ban cika son janye magana ba. Amma ita ba ta yi wannan alkawarin ba. Me zan ce mata?"

Na buɗe jakata da hannu ɗaya ina laluben mataji, Rediyo ta ce me nake nema kuma a wannan lokacin.

Na ce masa, "Ka ce mata ta jiƙa shi da mai. Ka kuma cire ƙarafan nan daga kujerar gaba."